Na Tafi Darwin Don In Hana Jikata Shiga Soja

Tun da na dawo gida Wurno ban huta da tambaya ba. In na je suna, a tambaye ni. In na je gaisuwa, bayan an shafa fatiha sai wata ta matso ta ce, "Hajiya, wai da gaske can rana kan fito mu nan muna barci?" Madam Rifkatu, wadda munka yi aikin unguwarzoma tare a Gandi kusan shekara ashirin, har mota ta hau daga Rabah ta zo ta wuni. Da za ta koma ta ce labarin bai ishe ta ba, in zauna in rubuta shi tun daga farko. To ga shi. Abin da na gani da idona, da abin da anka faɗa mani, shi zan faɗa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Ostareliya ba. Ɗana na fari, wanda ba ni faɗin sunansa, Likita nike ce mashi, yana aikin asibiti a wani gari can arewacin ƙasar mai suna Darwin. Shekararsa goma sha uku can, shi da matarsa Asma'u da 'ya'yansu uku. Babbar takwarata ce, Balkisu, amma Ummi muke ce mata. Tana shekara huɗu sunka tafi da ita.

Wata rana ya kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ce, "Inna, Ummi ta gama sakandare, ta ce sojan ruwa za ta shiga. Da yake ba ta cika sha takwas ba, sai na sa hannu, ni kuwa ba ni sawa. Wata biyu ke nan ba mu cin abinci wuri ɗaya. Maganarki kaɗai take ji. Don Allah ki zo."

Na ce, "Soja? Ɗiya mace? Mi ya same ta?"

Ya ce ba abin da ya same ta, lafiyarta lau, makinta ma ya isa ta karanci duk abin da take so. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kwana biyu ya ishe ni in gama da wagga magana.

Neman biza kaɗai ya ci wata biyu. Sau biyu ina zuwa Abuja. Zuwan farko na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar yatsuna, don ban daɗe da dawowa daga bikin ɗiyar ƙanwata a Goronyo ba, hannuna ya sha lalle baƙi ƙirin. Ma'aikaciyar ta goge na'urar, ta goge yatsuna, ta sake dannawa har sau biyar, daga baya ta ce, "Mama, sai lallen ya fita." Haka na koma Wurno ina wanke-wanken da ba nawa ba don ya koɗe da wuri.

Da labari ya bazu zan tafi, maƙwabta sunka cika mani ɗaki da tsaraba. Kilishi, daddawa, kuka, man shanu a gora, da tafarnuwarmu ta Wurno mai ƙamshi. Likita ya ce kar in ɗauko komai, na ce to, na cusa abina cikin akwati.

Jirgi uku na hau. Daga Abuja zuwa Doha, daga nan zuwa Singafo, daga nan Darwin. Likita ya riga ya nemar mani keken da ake tura tsofaffi. A Abuja da anka kawo shi na ce wa mai turawa ya mayar, ni da ƙafata na yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar. A Doha na gane kurena. Filin jirgin nan ya fi garin Wurno tsawo, na yi tafiya har ƙafafuna sunka kumbura sunka cika takalmi. Da munka sauka Singafo ni da kaina na ɗaga hannu ina neman mai keke. Salla kuwa ta rikice mani, ban san azahar ba ban san la'asar ba, sai da wata Bamalesiya da ke kusa da ni ta nuna mani a wayarta.

A cikin jirgi na ƙarshe anka raba wata takarda, a rubuta ko an ɗauko abinci, ko iri, ko ƙasa a takalmi. Na tuna Likita ya ce in na ɓoye ko ƙwayar gyaɗa anka gani, suna iya mayar da ni. Sai na rubuta gaskiya. Muna cikin layi wata 'yar kwastan ta zo da kare ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa. Na tattare mayafina don kar ya taɓa ni. Bai ko kalle ni ba, ya tafi kai tsaye ya zauna gaban akwatina. Anka kai ni gefe anka buɗe. Mutumin da ke bincike ya sa safar hannu, ya ɗaga kilishi, ya ajiye gefe. Man shanu, gefe. Tafarnuwa, gefe. Da ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja baya, ya tambaye ni cikin ladabi ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na yi mashi bayani iya Turancina. Ya kira wani, shi ma ya sansana, sunka yi shawara, ita ma gefe. Kuka kaɗai sunka bar mani, don garin busasshen ganye ne. Har ƙasan takalmina sunka duba. Na ce a raina, ƙasar da ke tsoron tafarnuwa, ina ga abin da ya fi tafarnuwa.

Na sauka cikin watan Janairu, na tarar da damina tsakiya. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu ya kan ƙone ka ka bushe, nasu ya kan dafa ka ka jiƙe. Mangwaro ko'ina, da jemagu manya kamar kaji. Ga teku shuɗi shar a bakin gari, amma ba mai shiga, wai kadoji sun cika shi. Gidajen ba katanga, sai ɗan shinge iya gwiwa, kana ganin maƙwabcinka yana shanya, amma ba ya shigo maka sai ya yi waya. Abin da ya fi damuna kwanakin farko shi ne jiragen yaƙi. Kana zaune sai ka ji sama ta tsage, kofuna na rawa cikin kabad, yaran gidan ko kai ba su ɗagawa.

Ummi ta yi tsawo ta wuce uwarta. Hausarta na nan, sai dai ta lanƙwashe. Na bari na huta kwana biyu, ran na uku na kira ta ɗaki na rufe ƙofa. Na yi mata magana wadda na shirya tun daga Wurno. Na kawo haƙƙin iyaye, na kawo mutuncin ɗiya mace, na kawo aure, na kawo mutuwa. Ta zauna ƙasa, kanta sunkuye, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Kaka, na ji. Amma ba harbi zan koya ba, inji zan koya. Jirgin ruwa in ya mutu tsakiyar teku, akwai waɗanda ke tada shi. Shi nike so."

Na ce, "Ba a koyon inji sai a soja?"

Ta ce, "Ana koyo. Amma ni nan na tashi. Nan na yi makaranta, nan anka yi wa ƙanena aiki a zuciya. In ƙasar na neman mutane, mi zai sa kullum sai 'ya'yan wasu?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Kwana biyun da na yi wa Likita alkawari sun wuce ke nan.

Asma'u ce ta gaya mani inda abin ya samo asali. Maƙwabcinsu wani tsoho ne mai suna Ron, tsohon soja, matarsa ta rasu. Tun Ummi na 'yar shekara goma take tsallaka shinge tana riƙe mashi sifana yana gyaran injin kwalekwalensa. Likita ya daina gaisawa da shi, don a ganinsa shi ya hure mata kunne. Na ce Asma'u ta ɗauki mayafinta ta raka ni, don Turancin mutanen nan ta hanci yake fita, rabi nike ji.

Munka same shi a baranda da gajeren wando, tsoho tukuf, ya haura saba'in da biyar. Ya kawo muna shayi. Ban sha ba sai da na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ya ji tsoron Allah, ya bar ɗiyar mutane.

Ya saurara har Asma'u ta gama fassara. Sai ya ce, "Ni ne mutum na farko da ya ce mata kar ta shiga. Sati uku ba ta yi mani magana ba."

Sai na ɗauki shayin.

Daga ran nan kusan kullum da la'asar muna barandar Ron, ni da Asma'u. A wurinsa na ji tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar, ba daga littafi ba, daga hotunan da ke jere a bangon falonsa. Na farko wan kakansa ne. Ya ce a babban yaƙin duniya na farko Ingila ta yi kira, samarin Ostareliya sunka cika jirage sunka tafi, anka sauke su a wata gaɓar teku a ƙasar Turkawa, ƙarƙashin duwatsu, Turkawa na sama suna harbi. Wata da watanni suna nan, ba su ci wurin ba, anka kwashe waɗanda sunka rage. Wan kakansa na can kwance. Na ce, "Mi Turkawa sunka yi maku?" Ya ce ba komai, Sarkin Ingila ne ya ce a je. Ya ce abin mamaki, ranar da anka sauke su ɗin ita ce babbar ranar tunawa a ƙasar har yau, ba ranar wata nasara ba.

Hoto na biyu ubansa ne. A yaƙi na biyu Ingila ta ce masu kar su damu, ga babban sansaninta a Singafo, ba mai wuce shi ya iso gare su. Japan ta ci Singafo cikin 'yan kwanaki, ta kama ubansa da dubban 'yan'uwansa, ta sa su aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa cikin daji. Ya dawo gida ƙashi da fata. Kwana kaɗan bayan faɗuwar Singafo, jiragen Japan sunka zo sunka yi wa Darwin ɗin nan ruwan bama-bamai. Lokacin mafi yawan sojojinsu na kirki suna can nesa suna yi wa Ingila yaƙi. Shugabansu ya ce a dawo mashi da su gida, shugaban Ingila ya so ya karkatar da su zuwa Boma, nasu ya ce bai yarda ba.

Na ce, "Boma? Ai babana ya je Boma."

Ron ya ajiye kofinsa. Na ba shi labarin babana, yadda anka ɗauke shi daga Goronyo yana saurayi, hakimi ya ce kowace unguwa ta ba da mutum. Bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Rima ba, anka sa shi jirgin ruwa wata guda. Ya yaƙi Japan ɗin nan dai, don Sarkin Ingila ɗin nan dai. Ya dawo da lambar tagulla da zazzaɓin da bai rabu da shi ba har ya rasu. Na ce, "Ashe da kunka ƙi zuwa, namu anka kwasa." Ya yi dariya har da tari, ya ce ya ɗauki laifin.

Ya ce tun daga faɗuwar Singafo sunka gane Ingila ba ta iya kare su, sai sunka juya ga Amurka. Ƙasarsu faɗi gare ta, mutane kaɗan, kullum suna ganin ba su iya tsaron ta su kaɗai, sai da babban wa. Shi kuwa babban wa, in ya tashi yaƙinsa sai ka raka shi, don ran da naka ya zo ya tuna da kai. Haka sunka raka Amurka Koriya, sunka raka ta Biyetnam.

Hoto na uku shi ne da kansa, yaro ɗan shekara ashirin. Ya ce ba shi ya zaɓi soja ba. Ƙuri'a anka yi. Anka rubuta ranakun shekara a jikin 'yan duwatsu, anka zuba cikin ganga anka juya, duk wanda ranar haihuwarsa ta fito ya tafi. Tasa ta fito, ta abokinsa da anka haifa washegari ba ta fito ba. Ya yi shekara guda a Biyetnam. Da ya dawo, mutanen gari sun riga sun tsani yaƙin, har ana ce masu su tuɓe kaki kafin su shiga gari. Sai bayan shekara goma sha wani abu anka shirya masu faretin maraba.

Bayan Biyetnam, in ji shi, gwamnati ta ce an daina zuwa yaƙin nesa, an daina ƙuri'a, a tsare gida da tekun da ke arewa kawai. Anka daɗe a kan haka. Sai rikici ya tashi a Timor, nan kusa da su, sunka je sunka raba. Sai anka kai wa Amurka hari, sunka sake bin ta Afganistan da Iraƙi. Hoto na huɗu ɗansa ne, ya je Afganistan sau biyu. Ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, amma ba ya iya zama inda mutane sunka yi yawa, aurensa ya mutu, yanzu yana can wata gona shi kaɗai.

"Yanzu kuma," in ji Ron, "an sake cewa a dawo a tsare arewa. Shi ya sa kike jin jiragen nan. Kowane rani sojojin Amurka na zuwa garin nan. Har na Japan suna zuwa atisaye, waɗanda kakanninsu sunka ƙone shi. An fasa cinikin jiragen ƙarƙashin ruwa da Faransa, an ce za a samo masu injin nukiliya daga Amurka da Ingila. Duk don tsoron Sin. Ita kuma Sin ɗin ita ce babbar mai sayen ƙarfenmu."

Na ce wanga kam na gane shi. A kasuwar Gandi ma mutum ya kan sayar wa wanda yake tsoro hatsi, ya karɓi kuɗinsa, ya koma gida ya ƙara wa ƙofarsa sakata.

Da na kai wa Likita labarin cewa Ron ba shi da laifi, sai ya faɗi abin da ke cikinsa. Ya ce, "Inna, ba mace ko namiji ne damuwata ba. Ƙasashen da sunka je yaƙi a bayan nan, na Musulmi ne. Gwamnatinsu da kanta ta yi bincike ta ce wasu sojojinsu sun kashe mutanen da ba su ɗauke da makami a Afganistan. In gobe anka ce a koma irin wurin, ɗiyata ce za ta tada masu injin?" Na ce mashi maganarsa magana ce.

Cikin watan Fabrairu akwai ranar da garin ke tunawa da harin Japan. Ron ya gayyace mu, ya sa kwat da lambobinsa a ƙirjin hagu, na ubansa a dama. Likita ya ce yana da aiki. Munka je ni da Asma'u da Ummi, da hantsi, wani fili a bakin teku. Mutane cike, 'yan makaranta, tsofaffi a keke, sojoji farare da baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar, waɗanda Ron ya ce su ke sintiri a dazukan arewa don sun fi kowa sanin su. Anka ba ni kujera. Ba wanda ya tuna ya gaya mani abin da za a yi.

Ana cikin jawabi sai jiniya ta ɗauka. Kafin in tambaya, igwa ta tashi, bindigogi sunka amsa, hayaƙi ya turnuƙe, jirgi ya tsaga sama a kanmu. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Na tsinci kaina kwance a ciyawa, na jawo Ummi na danne ta da jikina, ina salati da ƙarfi, ina ce wa Asma'u ta kwanta. Harsashin wasa ne, kwaikwayon ranar suke yi. Mutane sunka taru a kanmu, wata ma'aikaciyar jinya ta kawo ruwa. Zanina ya ɓaci da laka, gwiwata ta gurje. Kunya kamar in nutse.

Ron ya zo ya zauna ƙasa kusa da ni da kwat ɗinsa. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma shekara da shekaru ba ya zuwa wurin nan saboda ƙarar. Ya ce, "Wanda ya kwanta irin wagga kwanciya ya taɓa jin ta gaske. A ina?"

Sai na faɗa masu abin da ban taɓa faɗa wa su Likita a waya ba, don kar hankalinsu ya tashi. Shekaruna na ƙarshe a aiki, 'yan bindiga sun matsa wa ƙauyukan gabas da mu. Ranar wata kasuwa sunka shigo wani ƙauye kusa, muna jin harbi daga ɗakin haihuwa, mace na kan gwiwa. Munka kwanta ƙasa ni da Rifkatu, muna karɓar haihuwa a kwance. Da yamma anka kawo muna waɗanda anka harba, mu da ba mu da komai sai auduga da ruwan gishiri. Cikinsu har da soja guda, ba Bahaushe ba ne, daga can kudu yake, ko gaisuwa bai iya da Hausa ba. A hannuna ya cika kafin mota ta zo. Ban san sunan garinsu ba. Na dai san bai da kowa a ƙasar Rabah, bai san mu ba, kuma don mu ya mutu.

Ummi na riƙe da hannuna tana kuka.

Kwana biyu ina juya abin. Ran na uku na ce Ummi ta kai ni ofishin da ake ɗaukar su. Munka samu wata mace mai anini a kafaɗa, ta kai shekara arba'in. Na jera mata tambayoyi. Za a bar ta ta rufe kanta? Ta ce akwai ɗankwali cikin kayan sarki ga mai so. Salla fa? Abinci fa? Inda mata ke kwana fa? Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, inda abin ke da wuya a cikin teku ta ce yana da wuya. Na ce, "To in Amurka ta tashi yaƙi da wata ƙasa gobe, za ku bi ta?" Ta ce wannan ba ita ke yankewa ba, waɗanda jama'a sunka zaɓa ke yankewa, ita ba za ta yi mani alkawarin abin da ba ya hannunta ba. Na ji daɗin da ba ta yi mani ƙarya ba, amma ban fito da sanyin zuciya ba.

Bayan sallar la'asar na kira Likita da Asma'u. Na ce, "Kai ka kira ni in hana ta. Na gwada, ban iya ba, kuma yanzu ban tabbata ina da gaskiyar hanawa ba. Ba na ce ina so ba. Tsoron da kake ji ina jin shi, kuma tambayarka ba wanda ya amsa mani ita. Amma wata biyar ya rage ta cika sha takwas, ran nan ba ta bukatar hannunka. Za ta tafi. Abin da ya rage gare ka shi ne ko ta tafi da albarkarka, ta riƙa kiranka tana gaya maka abin da anka sa ta, ko ta tafi tana ɓoye maka. In ranar da kake tsoro ta zo, wa kake so ta fara tambaya?"

Ya ce, "Inna, ke ma kin koma bayanta."

Na ce, "Ina bayanku duka. Shi ya sa na gaji."

Likita bai sa hannu ran nan ba, ko washegari. Ana saura kwana huɗu in taso, da safe kafin ya tafi aiki, ya kira Ummi ya ce ta kawo takardar. Ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya sa hannu, ya ɗora hannunsa a kanta ya yi addu'a. Ya fita bai karya ba. Da yamma na hango shi a bakin shinge shi da Ron, suna kallon injin kwalekwale.

Ni kuma na nemi alkawari ɗaya wurin Ummi, na ce ta tsaya a jiragen da ke bisa ruwa, ban da masu nutsewa. Ta ce, "Kaka, kar ki sa in yi maki alkawarin da ban san ko zan cika ba." Na ƙyale ta. Yanzu haka tana can kudancin ƙasar wurin horo, ta ce sanyi kamar ya cire mata kunne.

Dawowa ba ta yi wuya ba, don na hau keke tun daga Darwin. Na kwana Sakkwato wurin ƙanena, da safe na shiga motar Wurno. Kafin Achida sojoji sunka tsayar da mu a shinge. Ɗaya ya leƙo ta taga, fuskarsa duk ƙura, leɓensa ya bushe. Ya ce, "Mama, sannu da hanya," da wata Hausa ta koyo. Shekara nawa ina wuce irin shingen nan, abin da ke raina kawai su sake mu mu tafi. Ran nan na tambaye shi daga ina yake. Ya ce daga Binuwai. Na ce mahaifiyarsa na da rai? Ya ce tana nan.

Na ce, "Ta san inda kake?"

Ya waiga ya dubi 'yan'uwansa, ya rage murya. Ya ce, "Na ce mata ina cikin garin Sakkwato, aikin ofis nike yi."

Direba ya sa giya. Na miƙa wa sojan gorar ruwan da ke hannuna, na ce ya kira ta yau, ko ofis ɗin ne ya gaya mata. Ya ce to, Mama. Ya ɗaga muna itacen shingen, munka wuce.